Demetrio Stratos: Ɗan Iskandariyya da ya mayar da maƙogwaronsa kayan kiɗa

Ranar Alhamis, 14 ga Yunin 1979, mutane fiye da dubu 60 suka cika tsohon filin wasa na Arena Civica da ke tsakiyar birnin Milan a ƙasar Italiya. An ɗauki makonni ana shirya taron, kuma manufarsa guda ce: a tara kuɗin jinyar wani mawaƙi da ke kwance rai a hannun Allah a wani asibiti na birnin New York a Amurka. Manyan mawaƙan ƙasar sun amsa gayyata, an sayar da tikiti, an kafa dandamali. Ana gobe taron sai labari ya iso cewa majinyacin ya cika. Masu shiryawa ba su soke ba, taron gudummawa ya rikiɗe ya zama na ta'aziyya. Mamacin shi ne Demetrio Stratos, jagoran mawaƙan ƙungiyar Area. Shekarunsa 34 a duniya.

Idan masu sha'awar salon kiɗan rok da ake yi wa laƙabi da na ci-gaba suka zauna musun wane ne gwanin gwanaye a murya, sunayen 'yan Ingila ne ke fara fitowa: Jon Anderson na ƙungiyar Yes mai siririyar murya, Peter Gabriel na Genesis mai shigar burtu a dandamali, Greg Lake wanda ya rera faifan farko na King Crimson a 1969, da Peter Hammill na Van der Graaf Generator. Wannan salo ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1970. Makaɗansa sun ƙi tsayawa a waƙar minti uku ta soyayya da gidajen rediyo ke so, suka riƙa tsara waƙa ɗaya ta cinye fuskar faifai sukutum, suna aro daga kiɗan jaz da na gargajiya da na manyan majami'un Turai. A irin wannan musu, da zarar wani ya ambaci Stratos, sai maganar ta sauya hanya. Sauran duk mawaƙa ne da suka ƙware a waƙa. Shi kuwa ya kai ga tuhumar ita kanta waƙar, yana bin diddigin abin da muryar ɗan Adam za ta iya idan aka raba ta da kalmomi.

Yaron birnin harsuna

An haife shi ranar 22 ga Afrilun 1945 a birnin Iskandariyya na Masar. Iyayensa Girkawa ne, sunansa na yanka Efstratios Dimitriou, daga baya ne ya juya sunayen biyu, na baya ya dawo gaba, ya zama Demetrio Stratos. Iskandariyya ta wancan zamani matattara ce ta Larabawa da Girkawa da Italiyawa da Yahudawa da Armeniyawa, kowa da unguwarsa da makarantarsa da wurin ibadarsa, kasuwa kuma ta haɗa su. Yaron ya tashi yana jin Girkanci a gida, Larabci a titi, Ingilishi a makaranta. A majami'ar Otodoks ta iyayensa ana rera addu'o'i da tsohon karin Rumawan Gabas, wanda ba ya buƙatar kayan kiɗa, murya ce kawai ke hawa da sauka a kan amo ɗaya da wasu ke riƙe da shi a ƙasa. A waje kuma ga kiran salla, ga kiɗan Larabawa na gidajen shayi, a shekarun da Ummu Kulsum ke tsayar da Masar cak duk Alhamis ɗin farkon wata idan rediyo ya sako ta. Tun yana ƙarami aka sa shi koyon fiyano da akodiyon.

Wannan duniya ba ta ɗore ba. Ranar 26 ga Yulin 1956 Shugaba Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin ruwa na Suez mallakar Masar, a ƙarshen Oktoba kuma Isra'ila da Birtaniya da Faransa suka far wa ƙasar. Ba a kori Girkawa kamar yadda aka kori 'yan Birtaniya da Faransa ba, amma zaman baƙi ya yi tsami, iyalai suka fara haɗa kayansu ɗaya bayan ɗaya. Ba da daɗewa ba aka tura yaron birnin Nikosiya na tsibirin Saifurus, ya shiga makarantar Terra Santa ta 'yan Katolika, daga bisani iyayensa suka biyo shi. An gudu ba a tsira ba, domin a lokacin tsibirin ma na fama da tawayen neman 'yanci daga Birtaniya, wanda bai samu ba sai a 1960. Wani abin lura shi ne, guguwar da ta fitar da shi ita ce ta fitar da wani yaron Bagirke ɗan Iskandariyya, Demis Roussos, wanda aka haifa a 1946, ya kuma zama muryar ƙungiyar Aphrodite's Child tare da Vangelis. Birni ɗaya, ƙarni ɗaya, manyan muryoyi biyu, sai dai Roussos ya bi hanyar waƙoƙin da suka sayu miliyoyi, Stratos ya bi wata daban.

A 1962 iyalin suka koma Milan, ya shiga jami'ar fasaha ta Politecnico don karanta zanen gine-gine. Karatun bai ci gabansa ba. Ya haɗa ƙungiya da 'yan uwansa ɗalibai suna kwaikwayon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka a gidajen rawa, shi yana kan fiyano. Ana ba da labarin cewa wata rana mawaƙinsu ya yi ɗan hatsarin mota bai samu zuwa ba, aka miƙa masa makirufo don a rufa asiri, daga ranar bai sake mayarwa ba. Yana da abin da takwarorinsa Italiyawa ba su da shi, wato Ingilishi a baki, ga kuma murya mai kauri da gurnani. Ƙungiyar I Ribelli, wadda ta taɓa yi wa shahararren mawaƙi Adriano Celentano kiɗa, ta ɗauke shi, a 1967 suka fitar da waƙar Pugni chiusi, ma'ana dunƙulallun hannuwa. Waƙar ta karɓu, har yau kuma ana sa ta a gidajen rediyon Italiya. Yana da shekara 22 ya riga ya taka matakin da dubban samari ke mafarki. Da ya so, da ya zauna a nan yana rera waƙoƙin soyayya har tsufa, kamfanoni na zuba masa kuɗi.

Abin da jaririya ta koya masa

Ya yi aure a 1969, a 1970 aka haifa masa 'ya mace, a shekarar kuma ya bar I Ribelli. Abin da ya juya rayuwarsa ya faru ne a cikin ɗaki. Ya zauna yana sauraron gwarancin 'yarsa, ya lura cewa jaririya na wasa da muryarta ba tare da wata iyaka ba: ta yi ƙara, ta yi gunaguni, ta kaɗa leɓe, ta haura sama can ta faɗo ƙasa cikin numfashi ɗaya. Da ta fara koyon magana sai wannan yalwa ta riƙa raguwa, har ta tsaya a 'yan sautukan da harshen iyayenta ke buƙata. Kowace uwa ta san wannan, sai dai kowa murna yake yi yaro ya fara magana, ba mai tambayar abin da ya zubar a hanya. Stratos ya tambaya. Ya yanke cewa harshe na ba mutum kalmomi ya karɓe masa mafi yawan muryarsa a madadinsu, kuma al'umma ce ke koya wa yaro wane sauti ne na mutunci, wane ne na hauka. Sauran shekaru tara da suka rage masa a duniya ya ƙarar da su wajen neman abin da aka karɓe.

A 1972 shi da makaɗin ganguna Giulio Capiozzo suka kafa Area. Bayan 'yan sauye-sauye ƙungiyar ta tsaya a kan mutum biyar: su biyun, da Patrizio Fariselli a fiyano, da Paolo Tofani a jita da na'urorin haɗa sauti, da Ares Tavolazzi wanda ya gaji Patrick Djivas a babbar jita mai kaurin amo. Akwai na shida da ba ya hawa dandamali, Gianni Sassi, mai kamfanin faifai na Cramps, wanda ke tsara bangon faifansu yake kuma sa hannu a baitocinsu da sunan aro na Frankenstein. A lokacin Italiya ta zama gida na biyu ga makaɗan rok na ci-gaba. Genesis da Van der Graaf Generator sun cika zauruka a can tun ba a gama sanin su a ƙasarsu ba, ƙungiyoyin gida irin su Premiata Forneria Marconi da Banco del Mutuo Soccorso kuma na ta fitar da faifai masu daɗin kari. Area ta shigo da abin da bai yi kama da na kowa ba. Ta ɗauko kiɗan jaz na sakin jiki, ta haɗa da karin Girka da yankin Balkan da Gabas ta Tsakiya, inda ake ƙirga bugu bakwai ko tara ko goma sha ɗaya a maimakon huɗun da ƙafar mai rawa ta saba. A kan wannan gargada Stratos ke ɗora murya, yana karya ta tsakanin ƙirji da ƙoƙon kai cikin ƙiftawar ido, wani lokaci kamar guɗa, wani lokaci kamar kukan makoki.

Sai an san halin da Italiya ke ciki kafin a fahimci zafin waƙoƙinsu. Ranar 12 ga Disamban 1969 bam ya tashi a wani banki da ke dandalin Piazza Fontana a Milan, mutum 17 suka mutu. Daga nan ƙasar ta shiga zamanin da ake kira shekarun dalma, saboda yawan harsashin da aka harba. 'Yan fasist na dasa bama-bamai, masu tsattsauran ra'ayin gurguzu na sace mutane da harbe su, ma'aikata na yajin aiki, ɗalibai na mamaye jami'o'i. Jam'iyyar Kwaminis ta samu fiye da kashi 34 cikin 100 na ƙuri'u a zaɓen 1976. 'Yan Area ba su ɓoye ɓangarensu ba, suna tare da masu ra'ayin gurguzu, kuma sun ɗauki kiɗa a matsayin aikin siyasa.

Faifansu na farko ya fito a 1973 da sunan Arbeit macht frei, kalmomin Jamusanci da 'yan Nazi suka kafa a ƙofar sansanin Auschwitz, masu riya cewa aiki na 'yanta mutum. Zaɓen wannan suna tsokana ce da gangan. Waƙar da ta buɗe faifan ta fi sunan tayar da ƙura. Tana farawa da muryar wata mace tana karanta baitocin Larabci na roƙon zaman lafiya, sannan Stratos ya shigo a hankali, kafin kiɗa ya ɓarke da wani karin gargajiya na arewacin Girka. Sunanta Luglio, agosto, settembre (nero), wato Yuli, Agusta, Baƙar Satumba. A Satumban 1970 ne sojojin Sarki Husaini na Jodan suka murƙushe mayaƙan Falasɗinawa, dubbai suka mutu, kuma da sunan wannan wata ne ƙungiyar da ta kai hari a wasannin Olamfik na Munich a 1972 ta kira kanta, harin da ya ci rayukan 'yan tawagar Isra'ila 11. Shekara guda kacal bayan haka wasu samari a Turai suka fito da waƙa mai duban al'amarin ta idon Bafalasɗinen da aka raba da ƙasarsa. Masu suka sun ce sun wanke masu kisa. Magoya baya sun ce sun tuna wa Turai cewa jinin bai fara zuba a Munich ba. Ko ta wane ɓangare mutum ya tsaya, da wuya a ce mai rerawar na sayar da baƙin cikin da bai sani ba, domin shi ma yaro ne da siyasar yankin ta raba da garin haihuwarsa.

Faifan 1974, Caution Radiation Area, ya fi na farko tsauri. A ciki ya rera Cometa rossa da harshen uwarsa, Girkanci, waƙar da mutane da yawa ke ɗauka ita ce ƙololuwar abin da ya yi da Area. A ƙarshen faifan kuma akwai Lobotomia, mintoci na ƙarar na'ura mai huda kunne, wadda suka sadaukar ga Ulrike Meinhof, 'yar tawayen Jamus ta Yamma da hukumomi suka so su binciki ƙwaƙwalwarta a kurkuku ba da yardarta ba. Gaskiya ita ce ba mai sa wannan a gida don nishaɗi, kuma su ma ba don haka suka yi ta ba. A shekarar suka je suka yi wasa a asibitin masu taɓin hankali na birnin Trieste, inda likita Franco Basaglia ke buɗe ƙofofi yana cire wa majinyata mari, gwagwarmayar da ta haifi dokar 1978 ta rufe irin waɗannan gidaje a Italiya. Ga mutumin da ke tambayar wa ya yanke cewa wani sauti na hauka ne, babu dandamalin da ya fi wannan dacewa.

A 1975 suka sassauta kaɗan da faifan Crac!, mai ɗauke da Gioia e rivoluzione, waƙarsu mafi sauƙin shiga kunne, wadda matasa suka riƙa rerawa a tarukan siyasa. Faifan wasansu na kai-tsaye, Are(A)zione, ya nuna ɗayan gefen halinsu, na barkwanci: a tsakiyar wata waƙa mai ba da labarin tuffa, kiɗa ya tsaya, sai ƙarar haƙora ana gatsar tuffa a gaban makirufo, dubban mutane na jira a haɗiye.

Akwai ƙulli a tafiyar Area da ba su taɓa kwancewa ba. Sun kira kansu ƙungiyar jama'a, amma kiɗansu na da wuyar sha ga ma'aikacin da ya taso daga masana'anta a gajiye. Ga kuma batun kuɗi. A shekarun nan wasu matasa sun ɗauki aƙidar cewa kiɗa na kowa ne, don haka biyan kuɗin ƙofa zalunci ne, suka riƙa fasa shinge suna kutsawa wuraren wasa. A Afrilun 1976 wasunsu suka hau dandamali a Milan suka tsare mawaƙi Francesco De Gregori, suka yi masa shari'ar je-ka-na-yi-ka a gaban jama'a kan kuɗin da yake karɓa. Manyan ƙungiyoyin waje suka ƙaurace wa Italiya na wasu shekaru. Babu wanda ya amsa tambayar da kowane ɗan kasuwa zai fara yi, wato wa zai biya kuɗin mota da na'urori da abincin makaɗa. A Yunin shekarar aka yi bikin matasa na dandalin Parco Lambro da mujallar Re Nudo ke shiryawa, ya watse cikin rikici, har aka wawushe motar daskararrun kaji. A wurin ne 'yan Area suka zura wayoyi biyu daga na'urarsu zuwa cikin taro, jama'a suka riƙe hannun juna, sautin na sauyawa gwargwadon yawan jikunan da suka haɗu. Dabara ce mai kyau, ta zo a ranar da haɗin kan da take wakilta ke wargajewa.

Murya ita kaɗai

Tun a 1974 Stratos ya fara wata tafiya ta daban. Sassi ya haɗa shi da ayyukan John Cage, Ba'amurken nan mai tsara kiɗa wanda ya shahara da karya duk wata ƙa'ida, ya ɗauki wani aikinsa da aka rubuta don murya ita kaɗai, babu kayan kiɗa. Cage ya yaba, abota ta ƙullu. A 1978 Stratos ya yi wasa a New York tare da ƙungiyar rawa ta Merce Cunningham, a Yunin shekarar kuma ya shiga wasan da Cage ya shirya a cikin jirgin ƙasa mai tashi daga Bologna.

Faifansa biyu na ƙashin kansa, Metrodora na 1976, wanda ya raɗa wa sunan wata likita Bagirkiya ta zamanin da, da Cantare la voce na 1978, ba su da ganga ba su da jita. Sunan na biyun na nufin rera ita muryar kanta, kuma shi ne taƙaitaccen bayanin aikinsa. Ya yi nazarin yadda makiyayan Mongoliya da Tuba ke fitar da amo biyu a lokaci guda, ya kuma amfana da Tran Quang Hai, masanin kiɗan al'ummu ɗan Biyetnam da ke zaune a Faris. Asirin abin ba tsafi ba ne. Duk sautin da igiyoyin murya suka fitar yana tafe da wasu ƙananan amo a samansa, kunne ne ke haɗe su ya ji ɗaya. Idan mawaƙi ya riƙe amon ƙasa bai motsa ba, ya riƙa sauya zaman harshensa da leɓɓansa da faɗin kogon bakinsa, zai iya tsamo ɗaya daga cikin na saman ya ƙarfafa shi, sai a ji fito na yawo a kan gurnani. Mai kaɗa bambaro ma da bakinsa yake sauya amo ta wannan hanya. Stratos ya kai ga fitar da biyu, ya kai ga uku, kuma bai tsaya a kwaikwayon makiyaya ba, ya ƙirƙiro nasa hanyoyin, har da karanta karin-harshe na Girkanci da gudun da kalmomin ke narkewa su koma kiɗa.

Bai yarda a ɗauki abin a matsayin baiwar da ba ta bincikuwa ba. Ya kai kansa cibiyar nazarin furuci ta hukumar bincike ta ƙasa da ke birnin Padua, inda masani Franco Ferrero ya auna sautukansa da na'ura. Daga nan ne aka samo adadin da ake yawan ambata, cewa ya kai girgizar sauti dubu 7 a daƙiƙa guda. Don a gane nisan, maganar namiji ta yau da kullum ba ta cika wuce 180 ba, ƙololuwar da ƙwararrun mata mawaƙan opera ke kaiwa kuma ta ɗan haura dubu ɗaya ne kawai. Sai dai a yi adalci, adadin nasa na irin sautukan fito ne da yake tsamowa, ba na waƙa da cikakkiyar murya ba, kuma masu yaɗa shi kamar sakamakon tsere sun kauce wa abin da ya dame shi. Damuwarsa ita ce kowane mutum na ɗauke da wannan kayan aiki a wuyansa yana amfani da ɗan tsagi kaɗan. Shi ya sa ya riƙa zagaya makarantu da jami'o'i yana koyarwa, yana sa manya su yi sautukan da suka bari tun suna goye.

Ko faifan nan biyu na da daɗin ji? Ga mafi yawan mutane, a'a. Wasu sassan sun fi kama da rahoton ɗakin gwaji, mai sauraro na jinjina wa gwaninta zuciyarsa ba ta motsa ba. Wasu kuma, musamman inda ya koma ga kukan makokin mutanen Girka, suna sa tsigar jiki tashi. Mai neman sanin dalilin da ya sa ake ƙaunarsa ya fara da Area, mai neman sanin dalilin da ya sa ake girmama shi ya ƙarasa da waɗannan.

Area ta ci gaba da aiki a tsakanin haka. Maledetti na 1976 ya jawo baƙi irin su Steve Lacy, Ba'amurke mai busa saksofon. Sun yi wasa a Faris da Lisbon, a 1978 kuma suka je Habana ta Kyuba bikin matasa na duniya. Amma Tofani ya riga ya fita, sun kuma rabu da Cramps. Faifansu na 1978 sunansa na cewa alloli sun tafi, fusatattu sun saura, ya fito a shekarar da ƙungiyar Brigate Rosse ta sace tsohon Firaminista Aldo Moro ranar 16 ga Maris, aka tsinci gawarsa a bayan mota a Rum ranar 9 ga Mayu. Bayan wannan kisa, mafarkin sauyin da ya ɗauki matasa shekara goma ya dushe, kame ya yawaita, wasu suka faɗa shan ƙwaya, wasu suka koma neman abinci. Stratos ya bar ƙungiyar don ya ba binciken murya dukkan lokacinsa.

Bai samu lokacin ba. A farkon Afrilun 1979 aka kwantar da shi a asibiti a Milan, likitoci suka gano ɓargonsa ya daina ƙera ƙwayoyin jini. Mai wannan cuta jininsa na ƙarewa, garkuwar jikinsa na faɗuwa, ƙaramin rauni na iya zubar da jini ba tsayawa, kuma a wancan zamani dashen ɓargo sabon abu ne da cibiyoyi kaɗan ke yi. Kafin watan ya ƙare aka ɗauke shi zuwa asibitin Memorial da ke New York. Jinya a Amurka na cin kuɗi, mutumin da ya juya wa waƙoƙin kasuwa baya tuntuni kuma bai tara abin da zai ɗauke ta ba. Abokansa suka shiga shirya taron Arena Civica. Ya rasu ranar Laraba, 13 ga Yuni.

Washegari Banco del Mutuo Soccorso da Francesco Guccini da Angelo Branduardi da Antonello Venditti da wasu da dama suka hau dandamali ɗaya bayan ɗaya, sauran 'yan Area ma suka yi kiɗa babu mai rera musu. An naɗi wasan aka fitar da shi a faifai. A 1980 Premiata Forneria Marconi ta sadaukar masa da waƙar Maestro della voce, wato malamin murya, a 2009 kuma aka yi fim ɗin tarihinsa mai suna La voce Stratos. Faifan da Area ta fitar a 1980, Tic & Tac, kusan dukkansa kiɗa ne zalla, ba su ɗauko wani su tsayar a gurbinsa ba. An binne shi a maƙabartar ƙauyen Scipione Castello, a kan tuddan da ke kusa da garin Salsomaggiore a lardin Parma.